Aikin Kurame

Motar Baba Kunne ta daina mutuwa ranar Asabar da hantsi, a tsakar gidansa, a gaban iyalinsa da maza biyu masu neman 'yarsa. Abin da aka fara canjawa a ranar guntun baƙin tiyo ne da bai fi ɗan yatsa tsawo ba. Maganar auren Auta, wadda aka rataya a wuyan motar, ita ce har yanzu ba a warware ba.

Baba Kunne tsohon bakanike ne. A gareji ya samo sunan. Yana zaune kan benci mota za ta shigo, kafin direba ya kashe ta ya riga ya faɗi ciwonta: fanbel ya saki, ko fulogi na uku ya mutu. Yana da doka ɗaya da duk wanda ya koyi aiki a hannunsa ke tunawa. Idan inji yana shaƙar iska ta inda bai kamata ba, da kunne ake neman wurin. Wanda ya ɗauko gwangwanin maganin wankin kafireta yana fesawa a kan tiyo don ya ga inda injin zai canja murya, Baba sai ya ƙwace gwangwanin ya ce, "Wannan aikin kurame ne."

Da ya bar garejin, mota ɗaya ya riƙe, tsohuwa, ruwan toka. Ba wanda ya taɓa tuƙa ta sai shi.

Auta ce ƙaramar 'yarsa, malamar lissafi a makarantar sakandare. Tun ba ta kai tsayin taya ba take miƙa masa sifana. Wanda take so bakanike ne, ana ce masa Shiru saboda ƙarancin maganarsa. Sau ɗaya ya zo gaishe da Baba. Washegari Baba ya ce bakanike ba zai auri 'yarsa ba, bai kuma faɗi dalili ba. A garejin gari aka mai da abin raha, ana cewa dama ina Kunne zai so Shiru.

Gwaggo, yayar Baba, ba ta ɗauki abin da raha ba. Tana da ɗa mai sayar da motoci, kowa na ce masa Dillali, kuma ta daɗe tana ganin Auta a ɗakinsa.

Ana cikin haka motar ta kama ciwo. A kan titi lafiya lau take gudu. Da an tsaya a danja sai injin ya hau rawa, ya yi tari, ya mutu. Baba ya canja fulogai. Ya kwance kafireta ya wanke, ya sake wankewa. Ya canja matatar mai, ya canja famfon mai. Makonni suka wuce. Unguwa ta ce in dai Kunne ya kasa, to motar ce kwananta ya ƙare.

Gwaggo ta sa Baba a gaba har ya yi alkawari: in Asabar ta yi motar ba ta gyaru ba, zai karɓi wadda Dillali ke son ba shi kyauta. Ba wanda ya ambaci aure. Kowa a gidan ya san abin da karɓar makullin ke nufi.

*

Ranar Juma'a da yamma Shiru ya zo bakin ƙofar gida, inda iyakarsa take. Auta ta fito. A ciki Baba ya tayar da motar, ya sunkuya cikin bonet.

Tana gaya masa zancen Asabar, sai ta ga hankalinsa ba ya wurinta. Ya karkatar da kai yana fuskantar ƙofar.

"Ina magana kana sauraron mota?"

"Tun yaushe take wannan fiton?"

"Wane fito?"

"Saurara. Ki bar rugugin, ki nemi abin da ke samansa."

Ta saurara. Yana nan, siriri, kamar taya na sacewa. Ta daɗe tana jinsa. Da yake Baba bai ce komai a kai ba, ta ɗauka haka injin yake.

"Tiyo ne ya tsage," in ji Shiru. "Injin yana shan iska ta ɓarauniyar hanya. A kan gudu mai yana da yawa, ba a ganewa. Da an tsaya sai iskar ta fi ƙarfin man, injin ya shaƙe."

"In da shi ne ai da Baba ya ji tun ranar farko."

Bai amsa ba.

"Shiru, yau ba ranar sunanka ba ce. Yi magana."

"Baba ba ya ji, Auta."

Ta ja baya kamar ya ɗaga mata hannu.

"Don ya hana ka ni shi ne za ka laƙa masa ciwo? Baban nawa? Mutumin da gari ke kira Kunne?"

"Ranar da na zo gaishe shi, kaina a ƙasa na yi magana. Bai amsa ba. Na sake, bai amsa ba. Da na ɗago, sai na ga bakina yake kallo. Nan take ya amsa. Kuma ya ga na lura."

"Ƙarya ne."

"Allah ya sa ƙarya ce. Na fi kowa son haka."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Ta jingina da bango. A ciki injin ya yi tari ya mutu, suka ji Baba yana sake tayarwa.

"To shiga," ta ce. "Shiga ka nuna masa tiyon. Minti nawa zai ɗauke ka?"

"In na shiga na ɗora yatsa a kan abin da kowa ke iya ji daga ƙofa, kafin Lahadi babu garejin da bai san Kunne ya kurumce ba."

"In ba ka shiga ba, gobe ya karɓi makulli."

"Na sani."

"Ka sani, kuma ka tsaya nan kana kallona? Sunan Baba ya fi ni a wurinka?"

"In na same ki ta hanyar kunyata shi, da wane ido zan zauna a gabansa? Ke ma wata rana sai kin tuna mini."

Ta rufe fuska da mayafi. Ya jira har kukan ya lafa.

"Gobe ki ce ke kika kira ni," ya ce. "Sauran ki bar mini."

*

Ta shiga gida ta wuce kicin. Mama ta ɗora butar shayi, irin mai fito in ruwa ya tafasa. Baba ya shigo wanke hannu, ya tsaya kusa da murhu yana goga sabulu. Butar ta fara fito, ta cika kicin ɗin da ƙara. Baba bai waiwaya ba.

Mama ta sauke butar. Ta taɓa kafaɗarsa, ta jira ya juyo, sannan ta ce shayi ya yi.

Auta ta sha ganin wannan taɓa kafaɗar. Ta ɗauka tsufa ne ya zo musu da sabuwar soyayya.

Da ya fita ta ce, "Mama, tun yaushe?"

Mama ta dube ta, ta ci gaba da zuba ruwa.

"Wa ya gaya miki?"

"Butar nan."

Mama ta ajiye butar, ta zauna kan ƙaramar kujera.

"Siraran ƙara ne suka fara tafiya. Tsuntsaye, ƙararrawar waya. Murya mai kauri yana ɗan ji, sauran a baki yake karantawa. Likita ya ce ƙarar injuna ce ta cinye kunnen. Shi ya sa ya bar garejin, ba ciwon baya ba."

"Kuma kika yi shiru ana shirin ba ni Yaya Dillali."

"Ya roƙe ni, Auta. Tun da na aure shi ban taɓa jin ya roƙi kowa komai ba."

"Ni fa? Ni ba wanda zai roƙa mini?"

Mama ta jawo ta jikinta. Dukansu suka yi kuka a hankali, duk da sun san wanda suke ɓoye wa kukan ba zai ji ba.

*

Asabar da safe Dillali ya iso da farar mota mai sheƙi, janwe na biye da shi don ɗauke tsohuwar. Mutum ne mai fara'a, ba ya riƙo. Gwaggo ta fito daga gaban farar motar, ta ajiye makullin a kan teburin baranda.

"Ƙanwata," in ji Dillali, "daga yau kin daina turin mota a danja."

"Ai motsa jiki ne, Yaya. Kai ma da za ka samu da ya taimake ka."

Ya shafa tumbinsa yana dariya.

Aka yi sallama a ƙofa. Shiru ne, da kayan aikinsa, gwangwanin magani a hannu.

"Wa ya kira wannan?" in ji Gwaggo.

"Ni ce, Gwaggo."

Shiru ya durƙusa ya gaishe da kowa. Da ya zo kan Baba sai ya ɗaga kai, ya fuskance shi sosai, yana fitar da kowace kalma a sarari.

"Ku ga rashin kunya," in ji Gwaggo. "Yana magana da babba ido cikin ido."

"Baba," in ji Shiru, "ni kunnena bai kai ba. Abin da na iya shi ne aikin kurame. In an yi mini izini in fesa, sai a ɗora mini hannu a kan injin, a gaya mini abin da yake cewa."

Dillali ya yi dariya. "Kawu, ka ji dai. Da bakinsa ya faɗa."

Baba bai yi dariya ba. Ya dubi gwangwanin, ya dubi Shiru. Ya daɗe a haka har Mama ta fito ta tsaya bakin kicin.

"Auta," ya ce, "murɗa makulli. Kada ƙafarki ta taɓa totur."

Injin ya tashi yana rawa. Fiton ya dawo, a sarari, daga bayan kafireta. Auta ta fito ta tsaya gefen bonet.

Baba ya shimfiɗa tafin hannunsa a kan murfin injin, ya rufe ido.

Shiru ya san inda fiton yake. Auta ta ga idonsa ya je wurin sau ɗaya. Amma can gaba ya fara, kusa da lagireto, yana fesawa kaɗan-kaɗan a kan kowane tiyo.

"Wuce," in ji Baba.

Ya fesa na gaba.

"Wuce. Wannan lafiyarsa lau."

Suka bi injin a hankali, ɗaya na fesawa, ɗaya na yanke hukunci. Mai janwe ya leƙo ta ƙofa, ya shigo, ya tsaya. Gwaggo ta buɗe baki za ta yi magana, ɗanta ya ɗaga mata hannu.

Shiru ya kai bayan kafireta ya fesa.

"Tsaya."

Baba ya riga kunnen Auta. Sai bayan ya faɗa ta ji injin ya ɗaga murya, rawar ta tsaya, ya daidaita, sannan ya koma tari.

"Koma baya kaɗan. Ƙasa. Ƙara ƙasa. Nan ne."

Bai buɗe ido ba. Ya ce a kashe, ya zura ɗayan hannun ta tsakanin wayoyi, ya zaro guntun tiyo. Ya lanƙwasa shi a gaban kowa. Tsagar ta buɗe kamar bakin kifi.

Shiru ya yanko sabo daga jakarsa, ya miƙa da hannu biyu. Baba ne ya sa shi. Aka tayar. Fiton ya ɓace, injin ya tsaya cak.

Dillali ya fara tafi, amma Baba bai ɗauke hannu daga kan injin ba.

"Da saura," ya ce. "Fulogi na biyu daga gaba yana tsallake bugu. Ba kullum ba. Fulogin sabo ne, wayarsa za a duba."

Shiru ya kasa kunne. Ya matso, ya sake kasawa. Auta ta ga fuskarsa ta canja. Aka kashe injin, ya cire wayar ya juya ta a rana. A ƙasanta akwai tabon ƙuna, bai fi kan allura ba.

"Robar da injin ke zaune a kai, ta hagu, ta fara sakewa," in ji Baba. "Ba yau za ta ba da matsala ba. Amma ta fara."

Shiru ya kwanta ƙasa da tocila. Ya daɗe a can. Da ya fito bai kakkaɓe rigarsa ba.

"Tsagar kamar silin gashi," ya ce a hankali, ba da kowa yake ba. "Ni ban ji komai ba. Wallahi ban ji ba."

Dillali ya matso ya ɗora nasa tafin a kan murfin injin, ya ce a tayar. Ya rufe ido kamar yadda ya ga an yi. Can ya buɗe.

"Ni zafi kawai nake ji," ya ce. "Kawu, na yi shekaru ina sayar da mota, ashe ban taɓa gaisawa da ko ɗaya ba."

Ba wanda ya yi dariya. Mai janwe ya fita a hankali, kamar wanda ya shigo wurin da bai kamata a yi motsi ba.

*

Baba ya kira Auta ɗakin da yake ajiye kayan aiki. Sifanu na rataye a bango bisa girmansu. Ya rufe ƙofa, ya tsaya inda hasken taga zai faɗa a fuskarta.

"Kin sani," ya ce.

"Jiya na sani."

"Shi ya gaya miki."

"Na ce ya shigo ya nuna maka tiyon, ya ƙi. Ya ce gara ya rasa ni."

Baba ya ɗauki wata sifana ya mai da ita inda take.

"Daga gaba ya fara," ya ce. "Yana sane da inda abin yake, ya fara daga gaba. Kin ɗauka ban gani ba?"

"To me ya rage, Baba?"

"Ɗan Yaya zai shekara goma yana cin abinci a gidan nan bai lura da komai ba. Wannan daga ƙofa yake ji. Kullum in ya zauna a gabana, na san ya sani. Zai riƙa ɗaga kai yana buɗe mini baki kamar mai koya wa yaro magana."

"Shi ne dalilin? Ba aikinsa ba, ba halinsa ba?"

Ya tsaya yana kallon bakinta.

Hawayen da ta riƙe tun safe suka ƙwace.

"Baba, tun ina ƙarama nake ji ana cewa 'yar Kunne ce, ina tafiya ina ɗaga kai. Yau na ga abin da ya fi wancan. Na ga ka ji abin da masu kunne ba su ji ba. Wa zai raina wannan? Amma in sai an ba da ni ne kafin asirin ya rufu, ka faɗa mini da bakinka. Ni ce zan biya kunnenka?"

Ta sunkuyar da kai tana kuka.

"Ɗago," ya ce. "In kin sunkuya ba na jin ki."

Karon farko ke nan da ya faɗa da bakinsa. Ta ɗago. Idonsa ya yi ja, amma fuskarsa ba ta motsa ba. Ya ɗora tafin hannunsa a kanta, kamar yadda ya ɗora a kan injin, ya daɗe.

"Ke ma kina rawa," ya ce. "Wani wuri kike shan iska."

Ta yi dariya cikin kuka. Ta jira ya ƙara wani abu. Ya buɗe ƙofa ya fita.

*

Gwaggo na tsaye a baranda, jakarta a hammata.

"Mota ta gyaru, mun gode Allah," ta ce. "Amma maganarmu ba ta mota ba ce, kai ma ka sani. Gobe baffannin ɗana za su zo tambayar aure. Na riga na gaya musu. Ga makulli nan, kyauta ba ta komawa."

"Na ji, Yaya," in ji Baba, idonsa a kan bakinta.

Dillali ya dubi Auta, ya ga idonta. Ya buɗe baki, ya dubi mahaifiyarsa, ya fasa.

Baba ya rufe bonet. Ya juya wurin Shiru, wanda ke tattara kayansa.

"Kai. Shiga. Gyara ba ya tabbata sai an tsaya a danja."

Suka fita, Baba a sitiyari, Shiru a gefe da gwangwaninsa a cinya.

Danja mafi kusa ba ta da nisa da gidan. Rana ta take motar ba ta dawo ba. Gwaggo ta zauna, ta tashi, ta sake zama. Mama ta ɗora buta, ta yi fito, ba wanda ya kula har sai da Dillali ya je ya sauke.

Can suka ji injin a bakin ƙofa, muryarsa daidai. Auta ta buɗe.

Shiru ne ke tuƙi. Baba na gefe, tafin hannunsa shimfiɗe a gaban motar, idonsa a rufe.

Ba wanda ya faɗi abin da suka tattauna. Shiru ya kashe motar, ya miƙa wa Baba makullin da hannu biyu, ya yi sallama ya tafi da ƙafa. Baba ya hau baranda, ya wuce teburin da makullin farar motar ke kai. Bai ɗauka ba, bai kuma ce a mayar ba.

Har Gwaggo ta bar gidan ba ta aika wa baffannin cewa an fasa ba. Farar motar na nan a ƙofa, makullinta a kan teburi.